Makarantar kwana: ƙarama ko babba?

Ƙarfe goma na dare, an kashe fitilun ɗakin kwanan ɗalibai. Can a lungu akwai gado ɗaya da babu kowa a kansa. Minti nawa za a yi kafin wani babba ya lura? Minti biyar? Awa ɗaya? Ko sai gari ya waye an zo kiran suna?

Ku riƙe wannan gadon a ranku, za mu dawo kansa.

Iyaye in sun tashi zaɓen makarantar kwana, abin da sukan fara tambaya shi ne yawan ɗalibai. Wannan tana da 200, waccan tana da 1,500. Daga nan sai ra'ayi ya rabu. Wani ya ce ƙarama, a nan ne za a san ɗana da sunansa. Wani ya ce babba, a can kayan aiki suke. Kowa da hujjarsa. Sai dai ni a ganina lambar da ake bugawa a takardar talla ba a cikinta yaro yake rayuwa ba.

Mu fara da ƙaramar, don tana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. A 1964 wasu masana biyu, Roger Barker da Paul Gump, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a makarantun sakandare na jihar Kansas a Amurka, daga mai ɗalibai ƙasa da 100 har zuwa mai sama da 2,000. Suka gano cewa babbar makaranta ta fi yawan ƙungiyoyi da wasanni, amma ɗalibin ƙaramar makaranta ya fi shiga a dama da shi, ya kuma fi riƙe muƙami. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan ƙwallo 11 ake buƙata a fili, ko makarantar mai ɗalibai 100 ce ko mai 2,000. Shugaban ƙungiyar muhawara ɗaya ne. Editan jaridar makaranta ɗaya ne.

Ku kwatanta yaron nan mai kunya, wanda in an tashi aji sai ya raɓe jikin bango yana kallo. A ƙaramar makaranta ba za a bar shi ba, don babu yadda za a yi da shi. Malamin wasanni zai ƙirga ya ga mutum goma, ya waiga ya ce, kai, zo ka tsaya mana a raga. Ya ce bai iya ba. A ce masa za ka iya. Bayan wata uku sai ka ji ana kiransa gola. A babbar makaranta kuwa akwai masu tsaron raga shida da ke jiran layi, kowa ya fi shi. Shi nasa kallo ne, har ya gama.

Sai maganar sanin juna. Masanin nan na Ingila, Robin Dunbar, ya yi hasashen cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa ta sosai da su ba su wuce kimanin 150 ba. Masana na ja-in-ja a kan lambar, amma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san akwai iyaka. Shugaban makaranta mai ɗalibai 150 zai iya tare yaro a hanya ya ce, yau fuskarka ba daidai take ba, lafiya? Mai ɗalibai 1,500 sai dai ya nemi fayil.

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Wannan kusancin shi ne kuma matsalar ƙaramar makaranta.

A ce 'yan ajin 'yarku su 20 ne, mata 9. Ta saɓa da biyu daga cikinsu, sauran suka bi bayansu. Ina za ta? A makarantar jeka-ka-dawo, yamma na yi ta koma gida ta huta. A nan da su za ta ci, da su za ta yi karatun dare, da su za ta kwana. Haka in suna ya kama yaro, a ce masa malalaci ko mai ƙiriniya tun shekarar farko, da wuya ya cire shi, don kowa ya san labarin, har mai gadi. Babbar makaranta tana ba yaro damar sake zama. Kuma yaron da ke son wani abu da ba kowa ke so ba, kallon taurari ko haɗa na'ura, cikin mutum dubu zai samu huɗu ko biyar irinsa.

Ga kuma malamai. Ƙaramar makaranta sau da yawa malamin kimiyyar lissafi ɗaya ne tak. In ƙwararre ne kun dace. In ya ajiye aiki tsakiyar zango, ko jininsa bai haɗu da na ɗanku ba, shi ke nan, babu wani ajin da za a mayar da yaron. Darasin da ɗalibai uku kawai ke so ba za a ɗauko masa malami ba. Kuɗi ma haka. Ma'aikaciyar jinya, ɗakin gwaje-gwaje, laburare, masu gadi, dole a biya su ko yara nawa ne. Makaranta mai ɗalibai 150 in 20 suka fita a shekara ɗaya, asusunta ya girgiza. Mai 1,500 ko a jikinta. Don haka ba rashin kunya ba ne ku tambayi ƙaramar makaranta ɗalibanta nawa ne shekara biyar da suka wuce, nawa ne yau.

Bari in ɗan tsaya kan sakamakon jarrabawa, don a nan ake yawan ruɗin iyaye. Za ku ga ƙaramar makaranta ta buga cewa kashi 100 na ɗalibanta sun ci. Tambaya ita ce, su nawa suka zauna? In su 20 ne, yaro biyu kacal su ne kashi 10 cikin ɗari. Bana a samu haziƙai biyu, makarantar ta hau sama. Baɗi a samu biyu da suka yi rashin lafiya, ta faɗo. Wannan ruɗin ba iyaye kaɗai ya taɓa kamawa ba. Daga wajen shekarar 2000 gidauniyar Bill Gates ta zuba kusan dala biliyan 2 wajen gyaran makarantun sakandare a Amurka, akasari ta hanyar kafa ƙanana da rarraba manya. Masanin ƙididdiga Howard Wainer ya nuna cewa gaskiya ne ƙananan makarantu sun yi yawa a sahun gaba, amma sun yi yawa a sahun baya ma, don ƙaramin adadi ya fi saurin hawa da sauka. A 2009 Gates da kansa ya amsa cewa da yawa daga cikinsu ba su ɗaga ƙwazon ɗalibai yadda aka zata ba. Saboda haka sakamakon shekara ɗaya ba hujja ba ne. Ku nemi na shekara huɗu ko biyar a jere, tare da adadin waɗanda suka zauna.

Yanzu mu koma kan gadon nan da babu kowa.

Kwalejin Eton ta Ingila, wadda Sarki Henry na Shida ya kafa a 1440, tana da ɗalibai wajen 1,300. Babba ce ta kowace fuska. Amma an raba ta gida 25, mafi yawansu da yara kusan 50, kowane gida da malamin da ke zaune a ciki da matar da ke kula da lafiya da tsabtar yaran. Yaron da ke can ba cikin mutum 1,300 yake kwana ba, cikin 50 yake. Phillips Exeter a Amurka tana da ɗalibai sama da 1,000, amma tun kyautar da Edward Harkness ya yi mata a 1930 ake koyarwa a kan teburi ɗaya, ɗalibai kusan 12 da malaminsu suna fuskantar juna. Ba don ku kai 'ya'yanku can na kawo su ba. Abin lura shi ne babbar makaranta da ta san aikinta ƙananan makarantu ce da yawa a cikin katanga ɗaya.

Wadda ba ta san aikinta ba fa? Za ku tarar da dogon ɗaki, gadaje masu hawa biyu a jere har ƙarshen gani, yara 80, malamin gida ɗaya, shi ma gidansa na can wani gefen. Da dare ya yi mulki ya koma hannun siniyoyi. Ɗan shekara 16 ne ke yanke wa ɗan shekara 11 hukunci, kuma babu mai ji. A irin wannan wurin cin zali ke yin saiwa. Kuma kada ku ɗauka ƙanƙanta kariya ce. Makaranta mai yara 120 da babba ɗaya kacal ke kula da su da dare ta fi mai 1,200 da aka raba gida-gida haɗari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sauran magana tana wurin yaron, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan shekara 11 ko 12 da bai taɓa kwana nesa da gida ba, wanda in abu na damunsa ba ya faɗa sai an tono, ni zan fi karkata ga ƙaramar, ko babbar da gidajenta ƙanana ne da gaske. Ɗan shekara 15 ko 16 da ya riga ya san inda ya dosa, yana neman darasi na musamman, ko wasa a matakin gasa, ko abokan gogayya da za su ja shi, ƙaramar na iya yi masa kaɗan. Amma a nan ma a yi hattara. Masanin ilimin halayya Herbert Marsh ya daɗe yana nuna cewa yara biyu masu ƙwazo iri ɗaya, wanda aka jefa cikin haziƙai zalla yakan raina kansa fiye da wanda ke cikin aji na matsakaita. Wani yaron gasa ce ke tayar da shi. Wani kuwa, da ya saba zuwa na ɗaya ya tsinci kansa na talatin, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Gani ya kori ji. In za ku kai ziyara, ranar da aka share ko'ina aka jera furanni ba za ta gaya muku komai ba. Ku nemi zuwa ranar aiki, da yamma, bayan an tashi aji. Ku wuce ofis, ku ce a kai ku ɗakin kwana. Ku ƙirga gadaje da kanku. Ku tambayi inda babban da ke kula da su yake kwana, ku ce a nuna muku ƙofar. Ku tambayi sau nawa ake kiran suna a rana, ku duba littafin. Ku ji shekara nawa malamin gidan ya yi a nan, don gidan da ake canja wa malami kowace shekara babu wanda ya san yaransa. Sannan ku nuna wani yaro da ke wucewa, kowane ne, ku ce wa malamin, wancan fa, ya sunansa, kuma wane darasi ne ke ba shi wahala? Ku lura ko zai amsa nan take, ko kuwa zai juya ya tambayi siniyan da ke tsaye kusa da shi.