Tashar Jirgin Ƙasa ta Agege: Daga Huhun Goro Zuwa Katin Cowry

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai kai mu Ikko, wato Legas, unguwar Agege, mu tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa.

Duk Bahaushen da ya taɓa shiga Legas, ko bai kwana a Agege ba, to ya ji labarinta. Akwai Zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai mahauta da dillalan shanu da masu canji da makarantun allo, akwai gidajen da kakan kaka ya zo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, jikoki kuma suna jin Yarabanci kamar yadda suke jin Hausa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan 460,000. In aka tambayi abin da ya tara Hausawa a wannan wuri, nesa da bakin teku, nesa da tsakiyar birni, to amsar tana nan shimfiɗe a ƙasa: layin dogo ne da tasharsa.

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, suka buɗe shi zuwa Ibadan a 1901. A kan wannan layi na farko Agege ta samu tasharta, lokacin tana ƙauyen Yarabawan Awori, daji da gonaki sun kewaye ta. Jirgi ya isa Kano a 1911 daga garin Baro da ke bakin kogin Kwara, a 1912 kuma aka haɗa Kano da Legas, ko da yake a Jebba sai an tsallakar da taragai a jirgin fito kafin a gama gadar Kwara bayan wasu 'yan shekaru.

Tasha na samuwa, masu hali daga cikin Legas suka fito suka yanki gonaki. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jacob Kehinde Coker, wanda ya yi babbar gonar koko a Ifako, kuma da shi aka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Da koko suka fara, amma abin da ya ɗaure Agege da Arewa shi ne goro.

A nan zan ɗan dakata, domin sai an san wahalar goro kafin a san darajar wannan tasha. Kakanninmu fatake Gwanja suke zuwa nemansa, a ƙasar Gana ta yau. Ayari ya tashi daga Kano da jakuna, madugu na gaba, a yi wata da watanni ana tafiya, ana biyan fito a kowane kogi, ana tsoron 'yan fashi a kowane daji. Goro kuwa ba ya son wasa. Sai an naɗe shi da ganye an ɗaure huhu, ana kwancewa ana yayyafi ana tsince wanda ya lalace, domin in sankara ta shiga ɗaya, sauran ma sun shiga uku. Kowace rana da aka ƙara a hanya, asara ce. Daga baya aka riƙa kawo goron Gwanja ta jirgin ruwa zuwa Ikko, a ɗora a jirgin ƙasa. Da manoman Agege da Ifo da Shagamu suka dasa irin wannan goro ya karɓi ƙasarsu, sai ya zama ba sai an ƙetare teku ba. Manomi ya kawo daga gona, mata su ɓare su wanke, a ɗaure huhu a Zango, 'yan dako su kai tasha, cikin 'yan kwanaki ya sauka Kano. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Kuma cinikin bai tsaya da ƙarfe da tururi kaɗai ba, amana ce ta riƙe shi. Baƙo ya sauko daga jirgi bai san kowa ba, bai iya yaren gari ba, sai ya nufi gidan maigidansa a Zango. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi, a ƙarshe a fitar da la'ada. Taragon da ya hau da goro ya sauko da shanu da wake da albasa da busasshen kifi. Ba banza ba babbar mayankar Legas take Oko-Oba, nan cikin yankin Agege. Har sunan garin ma, akwai masu cewa daga kalmar Yarabanci ta masu saran itace ya samo asali, suna danganta ta da Hausawan farko da suka zauna wurin suna faskare. Ko ma yaya ne, tarihin unguwar da na baƙinta a cuɗe suke.

Da tafiya ta yi tafiya, birni ya haɗiye gonakin. Ikeja ta cika da masana'antu, kuɗin haya a tsakiyar Legas ya fi ƙarfin talaka, mutane suka yi ta matsawa Agege da Iju da Agbado, har cikin jihar Ogun. Manyan motoci suka ƙwace dakon goro da shanu daga hannun jirgi, hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi ta rauni shekara bayan shekara. Sai aikin tashar ya sauya. Ta zama ta ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi, masu sammakon shiga gari su komo da dare. Wanda ya ga jirgin Iddo zuwa Ijoko a waɗancan shekaru ba zai manta ba: tarago ya cika har ƙofa, wasu sun rataya a jiki, matasa sun hau rufi sun zauna, jirgi na ratsa kasuwar da aka baza a kan dogo, masu tumatir na janye tire in sun ji ƙaho, su mayar in ya wuce. An yi ta kamawa ana gurfanarwa, ba a daina ba. Ni dai ban taɓa ɗaukar masu hawa rufin nan a matsayin marasa son ransu ba. Jirage sun yi kaɗan, kuɗin danfo, wato ƙananan motocin hayar Legas, ya yi yawa, cunkoson titin Agege zuwa Oshodi kuma yana iya cinye wa mutum rabin yini.

Tun 1983 gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin jirgin cikin birni da aka tsara zai haɗa Agege da Marina. Gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Shekara kusan arba'in mutanen Agege suka yi suna biyan kuɗin wannan sokewa da lokacinsu da lafiyarsu.

Sabon babi ya buɗe a 2017, da aka fara aikin sabon dogo daga Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kimanin kilomita 157, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, akasarin kuɗin kuma rance ne daga can. Tsohon dogo faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin ranar 10 ga Yuni, 2021, sabuwar tashar Agege kuma aka sa mata sunan tsohon gwamnan Legas, Babatunde Raji Fashola. Ta Agbado da ke gaba da ita aka ba ta sunan Jakande.

Wanda ya san tsohuwar tashar, in ya shiga wannan zai ga bambanci tun daga ƙofa. Gini ne babba mai bene. Ana binciken kaya kafin a shiga, akwai wurin sayen tikiti, akwai zauren jira da kujeru, akwai makewayi, akwai dakalin hawa mai rufi wanda ke kare mutum daga rana da ruwan Legas. Fasinja ba ya taka dogo don ya ƙetara, ta sama yake bi ya sauka a dakalinsa. An kuma killace layin, an tashi rumfunan da ke bakinsa. Wannan tashin ya taɓa mutane da yawa, cikinsu har da 'yan'uwanmu masu ƙananan sana'o'i, kuma bai kamata a ba da labarin kyan tashar a tsallake su ba. Daga Agege mutum na iya hawa jirgin Ibadan, ya bi ta Abeokuta ya sauka tashar Moniya da ke Ibadan.

Sai kuma Jan Layi, jirgin cikin birni na gwamnatin jihar Legas, wanda hukumar sufuri ta LAMATA ke kula da shi. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya fara ɗaukar fasinja masu biya ranar 15 ga Oktoba na shekarar. Tsawonsa kilomita 27, tashoshi takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Da man dizal yake aiki, ba kamar Shuɗin Layi na Marina zuwa Mile 2 mai lantarki ba. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai katin Cowry, wanda ake shiga manyan motocin bas na BRT da shi. Cowry ɗin nan kuwa ma'anarsa wuri, kuɗin da kakanninmu suka sayi goro da shi kafin zuwan sulalla.

Wani gyara da ya cancanci yabo shi ne raba jirgi da mota. Mahaɗar Pen Cinema da ke Agege ta daɗe tana cin rai da lokaci, in an rufe ƙofar dogo sai motoci su yi layi har inda ido ba ya kaiwa, masu babur kuma su kutsa. An buɗe gadar sama a wurin a watan Maris na 2021. Wanda ke ganin irin wannan gada ado ce, ya tuna safiyar 9 ga Maris, 2023, lokacin da jirgi ya yi awon gaba da motar ma'aikatan jihar a mahaɗar PWD da ke Ikeja, tazara kaɗan daga Agege, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

To jama'a, ga inda nake da magana. Mai zuwa aiki ba ginin tasha yake hawa ba, jirgi yake hawa. Jan Layi ya fara da 'yan zirga-zirga kaɗan safe da yamma, daga baya aka ƙara. Gwamnati ta ce burinta ya ɗauki mutum 500,000 a rana. Ba za a kai ko kusa da haka ba sai ranar da mutumin unguwar Dopemu ko Oke-Koto zai fito gida ba tare da duba jadawali ba, yana da tabbacin in wannan ya wuce wani na tafe nan da 'yan mintoci. Abin da ke wahalar da hakan shi ne Jan Layi ba shi da dogonsa na kansa, da jirgin Ibadan da jiragen kaya masu fitowa daga tashar ruwa ta Apapa suke rabawa. Hukumar tarayya da ta jiha dole su zauna su tsara lokaci da gaskiya, kada talakan Agege ya zama shi ne mai jira kullum.

Kuɗin shiga ma haka. An fara da naira 1,500 daga Agbado zuwa Oyingbo, aka rage zuwa 1,000 a farkon 2025. Ragin ya yi kyau. Amma lebura ko mai gadi da zai je ya komo kwana shida a mako, lissafin wata yake yi, kuma in danfo ya fi sauƙi zai koma danfo ko da zai kwana a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne kaya. Kaya ne suka haifi wannan tasha. Har gobe mutumin Agege da kaya yake tafiya: buhun barkono, kwandon goro, dilar atamfa, kwalin burodin nan da ya yi suna a duk Najeriya. Jirgin da aka tsara don mai jakar hannu kaɗai ya bar rabin unguwa a waje. Ina roƙon masu tsara wannan harka su ware tarago ko wani lokaci na rana, bayan cunkoson safe ya lafa, domin 'yan kasuwa da kayansu, da farashi sananne a rubuce, da wurin da ɗan dako zai tsaya a cikin tsari ba a kore shi kamar ɓarawo ba. A kuma yi sanarwa da Hausa tare da Yarabanci da Turanci a wannan tasha, domin tsohuwar da ta zo ganin jikoki daga Funtuwa ta san dakalin da za ta tsaya. Na'urorin hawa bene kuwa a riƙa gyara su kafin su mutu, saboda mai keken guragu da mai juna biyu ba su da wata hanya sai su.

Shugabannin al'ummarmu na Zango su ma da nasu aikin. A ja kunnen yara su bar wasa a kan dogo, a daina huda katanga don gajerce hanya, a daina zuba shara a magudanar da ke gefen layi. Sabon jirgi ya fi tsohon gudu nesa ba kusa ba, kuma ba ya tsayawa don ya ga mutum.

Akwai kuma abin da har yanzu tashar ta rasa. A Disamban 2012 an farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a kan tsohon dogo, tafiyar kilomita 1,126 da ke cin sama da sa'a talatin, mutane suka yi ta murna duk da jinkirinsa. Sabon dogon kuwa a Moniya ya tsaya. Daga can Arewa akwai na Abuja zuwa Kaduna tun 2016, an kuma aza harsashin na Kaduna zuwa Kano a Yulin 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a haɗa ba. Saboda haka ɗan Agege da zai je gida Sallah, ga tasha sabuwa fil a ƙofar gidansa, amma sai ya wuce ta ya nemi motar dare, ya bi ta Ilori da Jebba da Mokwa yana addu'a har gari ya waye. Kakansa kuwa daga nan Agege yake sayen tikiti, ya zauna kusa da huhunsa, ya sauka a tashar Kano.