Dalar gilashi a bakin tafkin Erie

Ku dubi ginin nan da kyau. Daga nesa sai ka ce wani ƙaton tanti na gilashi aka kafa a bakin ruwa, aka jingina shi da farar hasumiya mai tsawon ƙafa 162. Nan birnin Cleveland ne a jihar Ohio ta Amurka, ginin kuwa shi ne Rock and Roll Hall of Fame, gidan tarihin kiɗan rok da aka buɗe a watan Satumba na 1995.

Me ya kawo shi Cleveland? A wani gidan rediyon garin nan ne mai gabatar da shirye-shirye Alan Freed ya yayata sunan wannan kiɗa tun farkon shekarun 1950.

Abin dariyar shi ne, wanda ya zana ginin, I. M. Pei, ba ma'abocin wannan kiɗa ba ne sam. Dattijo ne haifaffen ƙasar Sin, ya haura saba'in a lokacin, sai da aka riƙa jan sa zuwa wuraren wasa don kunnensa ya saba da hayaniyar. Shi ne ya yi dalar gilashin gidan tarihin Louvre a Faris, shi ne kuma daga baya ya zana gidan tarihin fasahar Musulunci na Doha.

To mu shiga. Ɗaga kai: ƙananan motoci ne ƙirar Trabant ke reto a sama, waɗanda mawaƙan U2 suka yi ado da su a dandalinsu. Haske ta ko'ina, matakala masu tafiya da kansu suna gittawa. Amma ainihin kayan, wato gitoci da rigunan wasa da takardun da aka rubuta waƙoƙi da hannu, yawanci suna can ƙasa inda babu ko taga. Rana ba ta raga wa tufa da takarda, koɗar da su take yi. Gilashin nan duk na tarbar baƙo ne.

Ni dai bayan ginin ya fi burge ni, kuma mutane da yawa ba sa zagayawa. Wani zagayayyen ɗaki kamar ganga yana zaune a kan ginshiƙi ɗaya tal da ya fito daga cikin ruwa, wani ɗakin kuma ya miƙo wuya a kan tafkin babu abin da ya tokare shi daga ƙasa. In da hunturu kuka zo, ku riƙo rigar sanyi mai kauri, iskar Erie ba ta da wasa.