Dangwala Yatsa Ba Yarda Ba Ce

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Abin da ya sa na ɗauko wannan batu yau wata takarda ce da wata baiwar Allah daga wani ƙauye a gabashin jihar Sakkwato ta aiko mini ta hannun ƙanenta, an rubuta ta da Turanci tun daga sama har ƙasa, a gindinta kuma ga shatin babban yatsanta. Takardar amincewa ce da shigar da ɗanta cikin wani binciken magani, amma ita abin da ta ɗauka shi ne an kawo magani kyauta. Ba wanda ya gaya mata gwaji ne, ba wanda ya gaya mata tana da ikon cewa a'a kuma a ci gaba da duba ɗan nata kamar kowa. Yaron yana nan lafiya, alhamdulillahi, sai dai lafiyarsa ba ta wanke wanda ya karɓi wannan dangwale ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta, ni ba na adawa da gwajin magani, domin ba don gwaji ba da babu rigakafin da za mu amince da shi. Rigakafin sanƙarau na Men5CV, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024, a Mali da Gambiya aka gwada shi, kuma rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara yi wa yara a maƙwabciyarmu Kebbi a ƙarshen shekarar 2024, 'ya'yan mutanen Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya ne aka gwada shi a jikinsu. Maganata ɗaya ce: a gaya wa mutum da harshensa abin da za a yi da jikinsa.

Sau da yawa ƙasar da kuka ga ta tsaurara doka a kan wannan, sai da aka cuci mutanenta tukuna. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan ta'asar gwaji a jikin mutane da likitocin gwamnatin Nazi ta Jamus suka yi ne, kuma sharaɗinsu na farko shi ne yardar mutum ba tare da tilas ba. A Amurka an shafe shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, ana kallon ɗaruruwan baƙaƙen fata a Tuskegee suna fama da ciwon tunjere ba tare da an yi musu magani ba, sai da asiri ya tonu sannan aka yi dokar 1974 wadda ta ƙarfafa kwamitocin da ke tantance bincike kafin a taɓa kowa. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta da ta fara aiki a watan Janairun 2022, ta wajabta wa mai gwaji ya fitar da taƙaitaccen sakamako cikin kalaman da wanda ba likita ba zai fahimta.

Amma Indiya ce ta fi dacewa mu duba, domin ita ma tana da talakawa da harsuna barkatai da ɗimbin mutanen da ba su yi boko ba. Bayan da Kotun Ƙolin ƙasar ta tsoma baki a 2013, hukuma ta umarci a riƙa ɗaukar hoton bidiyo da murya lokacin da ake yi wa mutum bayani ana neman yardarsa, aka kuma wajabta biyan diyya ga wanda gwaji ya nakasa ko ya yi sanadin ajalinsa. Daga baya an sassauta sharaɗin bidiyon, amma an bar shi a kan masu rauni idan sabon magani ake gwadawa. Hikimar a bayyane take: takarda tana nuna an sa hannu ne kawai, bidiyo kuwa yana nuna ko an yi bayani.

Mu fa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su kuma ya nemi yardar iyaye da baki, iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da an ɗauki muryar bayanin da aka yi wa iyayen nan da Hausa, ai da ba a shekara goma sha uku ana jayayya a kan wa ya faɗi me ba.

Doka kam muna da ita. NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magani, kwamitin ƙasa na ladubban binciken lafiya, wato NHREC, yana da kundinsa tun 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama, ƙa'idojin duniya kuma sun tanadi cewa idan mutum bai iya karatu ba dole a samu shaidan da ba shi da alaƙa da masu binciken. To wa yake zuwa ƙauye ya tabbatar an yi hakan? Kwamiti ya duba takarda a ofis ya buga hatimi, shi ke nan an sallami uwa da ɗanta?

Na san za a ce tsaurarawa tana korar kamfanoni, kuma gaskiya ne gwaje-gwaje sun ragu a Indiya bayan 2013. To sai me? Kamfanin da bayani da Hausa zai kora, Allah ya raka taki gona. Abin da ya fi tsada shi ne zargi, kuma mun biya kuɗinsa a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, inda abin da ya faru a 1996 yana cikin hujjojin da mutane suka riƙe, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar Sakkwato da kwamitocin ladubba na asibitocinmu da kada su amince da wani gwaji sai takardar yarda ta zo da Hausa, da boko da ajami, tun da yake a ƙasar Shehu masu karanta ajami ba su ƙidayuwa, da Fulatanci ko Zabarmanci inda ake buƙata. A ɗauki muryar bayanin a ajiye, a sa uwa ta maimaita da bakinta abin da ta gane kafin a miƙo mata tawada, kuma izinin hakimi ko na maigida kada ya maye gurbin fahimtarta. Takardar baiwar Allahn nan kuwa na sa an fassara mata ita, gobe ƙanenta zai koma da ita gida ya karanta mata.