Rikicin Gabas da Yamma a waƙar hip hop, da yadda Kudu ta ci gajiyarsa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, bari in shiga maganar kai tsaye.

Hip hop ɗan unguwa ne. A ranar 11 ga Agusta 1973, wani matashi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya kafa na'urorinsa a ɗakin taro na wani benen haya a titin Sedgwick, cikin Bronx a New York, a gabashin Amurka, ya haɗa casu don ƙanwarsa ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Bronx kuwa a lokacin ta zama kufai. An tsaga babbar hanyar mota ta tsakiyarta, masu hali sun kwashe nasu ya nasu, gidaje na ta cin wuta, wasu ma masu gidajen ne ke sa a cinna don su karɓi kuɗin inshora. Yaron da ya tashi a nan ba shi da abin tinƙaho sai sunan layinsu, shi ya sa da ya riƙe makirufo sai ya fara da faɗin inda ya fito.

Faɗan farko ma cikin gida aka yi shi. A 1986 MC Shan ya wasa unguwarsu Queensbridge, KRS-One na Bronx ya ji kamar ana so a ƙwace musu asalin waƙar, ya mayar da martani mai zafi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, zambo ne da habaici irin na mawaƙan fada: a yi wa juna tatas, jama'a su yi shewa, kowa ya kwana a gidansa.

Sai Los Angeles, can yammacin Amurka, ta shigo. A nan ina so ku lura da kyau, don tsarin gari ne ke ƙera kiɗan. Mutumin New York a jirgin ƙarƙashin ƙasa yake yawo, cikin cunkoso, na'urar sauraro a kunne. Yana da damar bin kowace kalma, don haka mawaƙinsa ke cusa baiti cikin baiti. Los Angeles gari ne shimfiɗaɗɗe, wanda ba shi da mota kamar gurgu yake. Kiɗan da za a sa a mota, gilashi a sauke, dole ya zama mai nauyi da tafiyar hawainiya, wanda zai girgiza ƙofa tun daga nesa. Abin da Dr. Dre ya fitar ke nan a ƙarshen 1992. Kafin nan ƙungiyar N.W.A daga Compton, kusa da Los Angeles, ta riga ta yi waƙa kan zaluncin 'yan sanda, har hukumar FBI ta aika wa kamfaninsu takarda a 1989. Da aka wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, duka, Los Angeles ta kama da wuta a 1992, waɗanda suka ɗauki waƙar ƙage ce sai suka yi shiru.

Kasuwa ta fara karkata Yamma, New York kuma ba ta saba zama ta biyu ba. Kamfanonin waƙa biyu suka tsaya gaba da gaba: Death Row na Suge Knight a Los Angeles, da Bad Boy na Sean Combs a New York. A Nuwamba 1994 aka harbi mawaƙi Tupac Shakur, wanda daga baya ya shiga Death Row, a ƙofar wani ɗakin ɗaukar waƙa a Manhattan. Ya rayu, amma ya zargi tsohon abokinsa Notorious B.I.G. na Bad Boy da sanin abin, B.I.G. kuma ya musanta. Abin dariya, in akwai dariya a ciki, Tupac da ya zama tutar Yamma haifaffen New York ne. Mujallu suka ga abin sayarwa, suka riƙa zuba wa wutar fetur. An harbi Tupac a Las Vegas, ya rasu ranar 13 ga Satumba 1996 yana da shekara 25. Wata shida bayan haka, ranar 9 ga Maris 1997, aka harbe B.I.G. a Los Angeles yana da 24. Sai a 2023 aka kama wani kan kisan Tupac. Na B.I.G. har yau ba a hukunta kowa ba.

To, mu ɗan koma baya. A bikin ba da kyaututtuka na mujallar The Source a New York, Agusta 1995, daren da Suge Knight ya yi wa Combs gugar zana a kan dandamali, an ba wasu samari biyu daga Atlanta a kudancin Amurka, OutKast, kyautar sababbin mawaƙa. Zauren ya yi musu ihun raini. Ɗaya daga cikinsu, André 3000, ya karɓi makirufo ya ce Kudu ma tana da abin faɗa. Ba wanda ya kula, hankalin kowa na kan manyan giwaye.

A ganina nan ne ainihin labarin yake. Tun da manyan kamfanoni ba sa kallonsu, 'yan Kudu suka koyi dogaro da kai. Master P ya riƙa sayar da kaset daga but ɗin motarsa har ya gina kamfanin No Limit. A Houston, DJ Screw yana rage wa waƙa gudu har murya ta yi kauri, mutane na layi a ƙofar gidansa don sayen kaset. A 1998 kamfanin Cash Money na New Orleans ya ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin waƙa Universal ta kimanin dala miliyan 30, kuma mallakar waƙoƙinsa ta ci gaba da zama a hannunsa, abin da mawaƙan New York da dama ba su taɓa samu ba. Daga Atlanta salon trap ya fito, yau kuma da wuya ka kunna rediyo a Legas ko Landan ba ka ji ƙarar gangarsa ba.

Haka Chicago ta fitar da salon drill wajajen 2012, ya tsallaka kudancin Landan, aka sake masa kiɗa, ya koma Brooklyn da sabuwar riga. A 2020 ya sauka Kumasi, inda samarin da ke kallon Akra ta yi musu babakere suka rera shi da harshen Twi, suka kira shi asakaa, garinsu kuma suka laƙaba masa Kumerica.

Shugaba na ta nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.