Tausayi: daga "Allah sarki" zuwa buɗe ƙofa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Isa a kan tausayi za mu zanta. Malam, in ka tare mutum a kasuwa ka ce masa mene ne tausayi, me zai ce?

Malam Isa: Ba zai tsaya dogon bayani ba, Hadiza, mutum zai nuna miki. Zai ce, kin ga mai shagon can? Ya ba ni bashin gero, wata uku ban biya ba, kuma bai taɓa tare ni a gaban 'ya'yana ba. A wurin talaka tausayi yana da fuska, yana da suna.

Hadiza: To "Allah sarki" da muke cewa in mun ga abin tausayi fa? Ba ta cikin lissafi?

Malam Isa: Tana ciki, amma mafari ce. Zuciya ta motsa, saura hannu. Shi ya sa liman ɗin nan na Filato ba ya fita a raina.

Hadiza: Malam Abubakar Abdullahi na Yelwa.

Malam Isa: Shi fa. Ranar 23 ga Yuni, 2018, mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Jama'a suka watsu, mafi yawansu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, suka nufi Nghar Yelwa. Dattijon nan, a lokacin yana da shekara 83, ya buɗe musu. Maza ya sa su a masallaci, mata da yara ya kai su cikin gidansa. Mutum 262.

Hadiza: Kuma maharan sun biyo sawu har ƙofa.

Malam Isa: Har ƙofar masallaci, suka ce a fito da su. Ya ƙi. Ba shi da bindiga, sai ya durƙusa yana roƙonsu, tsoho da furfurarsa, har Allah ya sa suka juya. Ki duba, da ya rufe ƙofa ya zauna yana salati, wa zai zarge shi? Kowa zai ce ai rai yake gudu da shi.

Hadiza: Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne zancen filin. Shi da kansa ya faɗa cewa filin da aka gina masallacin, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi kyauta, shekaru fiye da 40 kafin wannan rana.

Malam Isa: Alheri danƙo ne. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, amma ranar da ya tsaya a ƙofar nan babu wanda ya yi masa alƙawarin lambar yabo.

Hadiza: Sai dai Malam, ina da ja kaɗan. In muka auna tausayi da irin wannan kawai, mai ƙaramin ƙarfi zai ga kamar ba shi da rabo. Lokacin da nake jinyar mahaifiyata a wani asibiti, kwana biyu a zaune nake kwana a kan kujera. Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu, ba yarenmu ɗaya ba, Hausarta ma da ƙyar, ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa mini, ta ce in kwanta za ta duba mini Inna. Ita ta kwana a zaune.

Malam Isa: Ai ba ja kika yi ba, 'yar'uwa, kin ƙarasa mini magana ne. Liman masallaci gare shi, ita tabarma gare ta. Kowa ya miƙa abin da shi ma yake buƙata a daren.

Hadiza: Haka ne. Da aka sallame su na naɗe tabarmar zan ba ta, ta ce a'a, in riƙe, ai ku kuna nan tukuna.

Malam Isa: Yaron ya samu sauƙi?

Hadiza: Da ƙafarsa ya fita, alhamdulillahi. Tabarmar kuwa tana ɗakin Inna har yau, a kanta take sallah.