Gaisuwar da na rasa a gari, a kan dutse na same ta

Jama'a, ku yi haƙuri da hucin iskar nan, a ƙolin Yr Wyddfa nake a Wales, wani yanki na Birtaniya, dutsen da mutanen Ingila ke kira Snowdon. Mita 1,085, kuma da ƙafafuna na hau! Akwai jirgin ƙasa da ke hawa da mutane tun 1896, ga shi can yana jan jiki kamar hawainiya, ni kuwa na ƙi shiga.

Abin da ya sa na kunna kyamara daban ne. Wata takwas ke nan ina zaune bene ɗaya da mutane, mu haɗu a matakala kowa ya sunkuyar da kai. Abin yana ci mini rai, har nakan kwanta da kewar gida. Yau kuwa tun daga garin Llanberis da ke gindin dutsen, duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya gaishe ni. "Bore da", wato ina kwana da harshen mutanen Wales. Na amsa har bakina ya gaji.

Bayan mun wuce rabin hanya, inda hawan ya miƙe, gwiwata ta fara rawa. Na zauna kan wani falalen dutse ina haki, yatsuna sun sandare. Sai ga wani dattijo, gashi fari fat, hanci ja saboda sanyi. Bai ce mini komai ba, ya miƙo ɗaya daga cikin sandunansa biyu, ya zaro safar hannu daga jaka ya ba ni. Daga nan ya rage sauri, muka jera. Shi ya ba ni labarin cewa a duwatsun nan tawagar da mahayin dutse Edmund Hillary ke ciki ta yi atisaye kafin ta hau Everest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, a 1953. Matar dattijon ta rasu bara, da ita yake hawa a da. Da ya faɗa, mun yi tafiya mai nisa ba wanda ya tanka.

Ina gargaɗinku, kada wanda ya zo nan da wandon jins da takalmin yawo. Ƙasa rana, sama hazo da ruwa, kuma sanyi yana cinye cajin waya. Kilomita 14 da ɗoriya ne zuwa da dawowa.

Dattijon ya karɓi lambata, wai wata mai zuwa Cadair Idris za mu, wani dutsen a nan Wales. Ga shi can yana ɗago mini sanda, bari in bi shi kafin hazo ya rufe hanya.