Lacca: ƙwallon sinuka zamiya take fara yi kafin ta mirgina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, na baya ku ɗan matso don sai kun ga teburin nan da idonku. Wasan da mu a nan komai sinuka muke ce masa, alhali mai ƙwallaye 15 masu lamba da fara guda ɗaya Turawa pool suke kiransa, a kansa za mu yi maganar gogayya, wato yadda abu biyu in suna gugar juna kowanne yake riƙe ɗan uwansa.

Ku dubi wannan mai ratsin, faɗinta milimita 57, nauyinta wajen giram 170. Zan doke ta a tsakiya cif, ku ido kawai za ku sa wa ratsin. Kun gani? Da farko kusan bai juya ba, zamiya ta yi kamar an ja buhu a kan siminti, ƙyallen da aka shimfiɗa wa teburin yana riƙe ƙasanta yana rage mata gudu kuma shi ɗin ne dai yake juya ta a hankali, har ta kai inda juyin ya yi daidai da tafiyar, sannan ta fara mirgina sosai. A nan gudunta ya koma kashi 5 cikin 7 na wanda ta tashi da shi, ko da ƙarfi ka doka ko a hankali, ko ƙyallen sabo ne ko ya tsufa, tsawon zamiyar ne kawai yake canzawa. Wallahi wannan lissafin har yau burge ni yake. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Coriolis, littafi guda ya rubuta a kan wasan nan tun 1835.

To duk gwanintar da kuke gani a cikin wannan 'yar zamiyar take. In ka doki farar a ƙasa da tsakiya, tana tafiya gaba amma baya take juyawa, tana bugun wata ƙwallon gaba da gaba sai ta miƙa mata gudunta ta tsaya cak, juyin kuma yana nan bai mutu ba, sai ƙyallen ya kama ta ya dawo maka da ita. Amma fa in tazarar ta yi nisa kuma bugun ba ƙarfi, ƙyallen ya cinye juyin tun a hanya, shi ya sa yaro zai ce malam na doka ƙasa amma ta ƙi dawowa. In kuma ka doke ta sama, daidai kashi 7 cikin 10 na tsayinta daga tebur, babu zamiya sam, mirginawa take tun daga tashi.

Allin nan shuɗi kuwa ba irin na allon makaranta ba ne, garin dutse ne mai kaushi, William Spinks da William Hoskins suka yi masa rajista a Amurka a 1897. Aikinsa ya sa fatar bakin sanda ta kama ƙwallon kar ta kuɓuce, kuma ko da alli in ka kauce wa tsakiya fiye da rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, sandar sulɓewa za ta yi, kun san ƙarar nan mara daɗi.

Tsakanin ƙwallo da ƙwallo ma akwai gogayya, kaɗan ce, amma in ka sa farar ta bugi wata ƙwallon ta gefe, farar tana ɗan janta ta kauce wa layin da ka auna da 'yan digiri, a bugu mai nisa ya isa ta daki bakin rami ta fito. In datti ko tabon alli ya faɗo daidai inda suka haɗu abin ƙaruwa yake. Ku da kuke da tebur a bakin titi, ƙurar hunturu da laimar damina duk suna canza ƙyalle, don Allah ku riƙa share shi da buroshi kuna goge ƙwallayen da tsumma.

Yanzu mutum biyu su taso, ɗaya ya riƙe sanda ɗaya ya tsuguna daidai tebur ya faɗa mana inda ratsin ya fara juyawa.